Saƙon da Babu Shi a Zane

Jiya bayan Azahar, a shagonmu na Gyaɗi-Gyaɗi, na kunna na'urar ƙarin ruwa da muka haɗa wa wani ƙaramin asibiti a Daurawa. Maimakon ruwa ya fara ɗiga, sai ta yi ƙara, rubutu ya fito a fuskarta: "Hadiza, kar ki ba da ita. Duba bawul."

Sunana ne kuwa, ni ake kira. Mu ba ma rubuta manhaja da hannu. Zana yadda na'ura za ta yi aiki muke yi, kwamfuta ta fitar da umarnin da kanta. Wannan zanen kuwa na ubangidana a sana'a ne, Malam Habu, wanda ya buɗe shagon shekarar da soja suka miƙa mulki. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa.

Na bi zanen kaf, babu wannan saƙon. Na goge umarnin, na sake fitarwa, saƙon ya dawo.

Sista Rabi, nas ɗin da ta zo karɓa, ta leƙo ta karanta.

Na ce, "Sista, wallahi ban san daga ina ya fito ba."

Ta ce, "Ke dai duba abin da aka ce ki duba. Jarirai za a sa wa."

Na kwance na'urar. Bawul ɗin da ke daidaita gudun ruwan ya tsage, siririyar tsaga kamar gashi. Ruwan awa guda, da a minti kaɗan zai ƙare a jikin yaro.

Na canza bawul ɗin, rubutun bai ƙara fitowa ba. Sai da Sista ta yi wa Malam addu'a sannan ta ɗauka.

Masana, don Allah ku ce min ɓoye saƙon Malam ya yi tun yana raye. Ina buƙatar jin haka.