Kitsen da Mahauci Yake Kai wa Matarsa

Shekara talatin da shida yana fawa a rumfa ɗaya, ta uku daga ƙofar kasuwa, kuma in akwai abin da yake taƙama da saninsa a duniya, to jini ne. Karatunsa bai yi nisa ba, amma a tara kwano a wuyan dabba, zai gaya maka lafiyarta tun ba a feɗe ta ba. Jinin da ya kama jikinsa nan da nan ya zama guda, wannan dabba ta ƙoshi. Wanda ya tsaya tsululu kuwa, sai ya taɓe baki ya ce a duba hanta.

Matarsa siririya ya auro ta, har abokan sana'a suna masa tsiya wai iska za ta ɗauke matar mahauci. Tun daga lokacin, kullum kafin ya sayar wa kowa sai ya yanke kitsen da ke lulluɓe da ƙoda, fari fat, ya naɗe a takarda. Shi ba mai daɗin baki ba ne. Da yamma zai miƙa mata ƙunshin ya ce, "Naki ne ke kaɗai," iyakar soyayyarsa ke nan, kuma bai taɓa fashi ba.

Sai ga shi wata safiya ƙafarta ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, ta kasa takawa. 'Yarsu auta, wadda ita kaɗai ta rage a gida, ta kai ta asibiti. Ya iske su can da rigar aiki a jikinsa.

Likitar da ta duba ta yarinya ce, ba ta fi autar tasa ba. Ta ce, "Baba, jinin Mama yana saurin daskarewa."

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Ta ɗago kai ta dube shi. Auta ta sunkuyar da nata don kunya.

"Baba, ba abin murna ba ne. Gudan jini ne ya toshe mata jijiya. In ya ɓalle ya tafi huhu, ana iya rasa ta."

Ta yi masa bayani a hankali. A cikin jini akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi, aikinsu su manne wa juna su toshe rauni. Wani lokaci sai su manne inda babu rauni. Kuma ana ganin yawan cin kitsen dabba yana ƙara musu danƙo. Kalmar kitse kaɗai ya ji, sauran duk ta bayan kunnensa suka bi.

Ya koma gida ya kafa doka: ko ɗigon mai kada ya ga a tukunya. Wata guda Auta tana dafa abinci salam, kowa na ci yana harararsa. Da suka koma asibiti ya ba da labari yana jiran yabo, sai likita ta dafe kai.

"Ni ban ce a daina mai ba. Mai iri-iri ne. Na kifi ma rage wa ƙwayoyin jinin danƙo yake yi."

To fa. Mai kifi na ƙarshen layi, shekara ashirin mahaucin nan yana ce masa mai sayar da ƙaya da ƙarni. Haka ya je ya tsaya a gabansa kamar wanda aka aiko.

"A'a, yau manya ne a rumfarmu? Shanun sun ƙare ne?"

"Auna mini mai maiƙo, ka rage surutu."

Da yake shi ba ya yin abu rabi da rabi, ya biya kantin magani ya haɗo da ƙwayoyin man kifi, yana ba ta uku safe uku yamma, a kan maganin tsinka jinin da asibiti suka ba ta. Kwana goma dasashinta ya fara zubar da jini, hannunta duk tabo. Wannan karon likita faɗa ta yi sosai, ta ce kada ya ƙara ba ta komai sai ya tambaya.

Kansa ya ɗaure tamau. Gaba kura, baya sayaki.

"'Yata, in ya yi kauri mutuwa, in ya tsinke mutuwa. Wannan mai magani, wancan mai guba. To ni ina zan tsaya?" Sannan ya fito da abin da ya hana shi sukuni tun ranar farko. "Shekara talatin da shida ina ba ta kitse da hannuna. Ni na yi mata wannan?"

Likita ta ce ba wanda zai iya rantsewa. Akwai shekaru, akwai gado, akwai yawan zama wuri ɗaya. E ko a'a yake nema, aka ba shi wataƙila, kuma wataƙila ba ta barin mutum ya ci abinci.

Ran nan da rana tsaka ya rufe rumfa, abin da bai taɓa yi ba. Ya same ta a tsakar gida, ta ɗora ƙafar a kan matashi. Ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe yana kallon hannayensa.

"Uwar yara, ki yafe mini. Da hannuna na cuce ki."

Ta dube shi, ta dubi bango.

"Malam, ni fa ban taɓa son kitse ba. Tashin zuciya yake sa ni. Shekara biyun farko na daure na ci, daga nan maƙwabta nake miƙa wa ta katanga."

Wani sanyi ya sauko masa a ƙirji, wani ɗaci ya taso ya tarye shi, ya rasa wanne zai ji. In gaskiya ta faɗa, bai cuce ta ba, amma shekara talatin da huɗu mijin wata yake yi wa kiwo. In kuma ƙarya ta yi don ya samu ya ci abinci, to ta ci kitsen, kuma ga ƙafar nan a gabansa.

Katangar taku biyar ce daga inda yake zaune, har yana jin maƙwabciyar tana wanke kwanoni. Tambaya ɗaya za ta raba gardama. Ya miƙe, ya tsaya, sannan ya dawo ya gyara mata matashin, ya ce, "Yana miki zafi har yanzu?"