Kunun 'Yan Ƙwadago

Ba a daɗe da ba mu jiha ba na sami aiki a gidan rediyo, aka ɗora ni kan shirin yaƙi da shan ƙwaya. Ni kuwa kai ya kumbura. Kowane mako in rataya rikoda, in shiga tashar Jega, in tsare direbobi da 'yan kamasho da tambaya, in koma in yi ta yi wa samari faɗa. Burinmu shi ne mu matsa wa hukuma ta kafa doka, a daina tallar ƙwaya a faranti kamar goro.

Ana cikin haka autanmu ya dawo gida, unguwarmu ta Jega Firchin, daga cirar albasa a Aliero. Wallahi da ƙyar na gane shi. Ya rame, leɓe ya bushe, yana ta cizon haƙora, hannu na rawa. Inna ta ce ba ya ci, ba ya barci, sai zagayen tsakar gida. Ni da nake wannan aiki ai ba sai an gaya mini ba. Na ja shi zaure na rufe shi da faɗa.

"Don Allah dube ka! Ni ina can ina ɓaɓatu, kai kana nan kana haɗiya? So kake a yi da ni a gari?"

"Yaya, na rantse da Allah ban taɓa sayen ƙwaya ba. Ko kamanninta ban sani ba."

Na ce masa maƙaryacin banza. Sai ga ƙato yana kuka. Cikin kukan ya ce shi dai abin da ya sani, in sun sha kunun da mai gona ke kawo musu da hantsi, sai su ji kamar su tuge gonar duka.

Ran kasuwa na tafi Aliero, na yi ta cigiya har aka nuna mini gidan tsohuwar da ke dama wa 'yan ƙwadago kunu. Na gaishe ta, na faɗa mata ko ni wane ne, na ce ba zan ambaci sunanta ba. Ashe a cike take.

"Ɗana, ni ma abin ga ya ishe ni. Mai gona shi ka kawo wani gari ƙulle cikin leda, shi ce in zuba, in cika tsamiya da yaji don kada su ji ɗaci. Sai ɗiyan mutane su wuni duƙe cikin rana, babu mai cewa wash. Da hannuna nika ba su. Allah shi yafe min."

Na saka maganarta a shiri yadda ta faɗe ta, ban yanke komai ba, don na san halin manya: in ba su ji dalla-dalla ba, cewa za su yi sharri ne. Bayan an watsa na ɗauki kaset na kai sakatariya. Suka saurara, suka yi salati, suka ce za a kafa kwamiti. Na yi ta sintiri har masinja ya fara ce mini ba kowa tun ban buɗe baki ba. Doka dai shiru.

Auta kuwa na kai shi ƙauyen Sarandosa wurin kawunmu, manomin gero, don can ko shagon magani babu. Ya sha wuya da farko, amma kafin shuka ya fara ci, barci ya dawo, kumatu suka ciko. Duk wanda ya zo daga ƙauyen sai Inna ta tsare shi da tambaya, ta yi ta hamdala. Ni ma hankalina ya kwanta.

Lokacin noma na hau babur na je duba shi. Aka ce suna gona. Tun daga nesa na ji abin bai yi mini ba. Mutane jere suna noma, ba waƙa, ba zolaya, ba mai miƙewa ya dafa ƙugu. Kawu na zaune gindin gawo, ga babbar ƙwarya gabansa. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Kawu, mi ac cikin kunun ga?"

Bai ɓoye ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mun ji shirinka, kowa ya ji. Mu da ba mu san ana haka ba. Maƙwabcina yaf fara, yag gama nomanai tun ban kai rabi ba. Yanzu 'yan ƙwadago in sun zo, tambaya sukai, irin na rediyo ne ko na banza? In ka ce na banza su wuce. Haki ya kusa cinye min gero."

"To auta fa? Amana fa na kawo maka, Kawu!"

"Na hana shi. Daban anka dama mai. Amma babban mutum ne, ƙwarya tana tsakar gona, ni ka tsare shi?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sa ƙafa na shure ƙwaryar, a gaban ƙanen uwata, abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Ban san ma da wa nake fushi ba. Da kawu, da manyan da suka yi salati suka koma hira, ko da bakina. Har yau in na tuna ban ga yadda zan fallasa abin ba tare da na koyar da shi ba, kuma wannan na ci mini rai.

Na shiga gonar ina ƙwala wa auta kira. Shi ne kan gaba, ya bar kowa a baya, bai ko ɗago ba. Sai da na riƙe ƙotar hauyar sannan ya dube ni. Ido jawur, haƙora na ƙara.

"Yaya, sake ni, ban gaji ba."

Da ƙyar na ɗora shi a babur, na ɗaura shi a bayana da rawani don kada ya diro. Muka iso Jega da la'asar. Inna na tankaɗe a tsakar gida. Ta dube shi, ta ajiye rariya a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ni ta juyo ta kalla.

"To yanzu ina za ka kai min shi da rediyonka bai kai ba?"

Na tsaya riƙe da hannunsa, yana ta rawa cikin nawa.