Zanen da ya riƙe ni a Yelwa

Jim kaɗan bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi aka turo ni Yelwa, wani ɗan ɗakin gwaji a bakin ruwa. Matata tana Birnin Kebbi wurin Inna da tsohon ciki, ni kuwa ina nan ina auna ruwan tabki. Mukan shiga jirgi mu ɗebo shi a kwalabe, daga Wara har wajen Shanga. In na zuba a na'urar da ke haska shi, sai ta fitar da zane a kwamfuta, layi mai hawa da sauka, kowane tsini yana nuna abin da ke cikin ruwan.

Ogana dogon mutum ne mai son a ce aikinsa ya fi na kowa. Muna haɗa rahoton gwaje-gwajen, ya ce da ni, "Ran da rahoton ga ya ƙare, in sa maka hannu ka koma gida."

Amma da sharaɗi. Mu almakashi da gam muka sani: a buga zanen daban, a yanke, a liƙa a gurbin da aka bari cikin rubutu. Shi kuwa ya je wani taro ya ga rahoton da zanensa ke zaune daram a shafi, babu tabon gam. Ya dawo ya ce irinsa yake so.

Nan na maƙale. Na'urar tana ajiye zanen a faifai da nata salon, manhajar rubutu kuma ta ce ba ta san shi ba. In na matsa mata, ta cika min shafi da wasu baƙaƙe kamar sawun kaji. Damshi ya sa faya-fayan fumfuna. Wuta kuwa, da ruwan da nake hange ta taga ake yin ta, amma sai na zauna aiki take ɗaukewa. Na tsani ɗakin nan da ƙarnin kifinsa. Matata ta haihu, na je suna a gurguje na dawo.

Wata ranar kasuwa, don haushi kawai, na umarci na'urar ta shirya zanen kamar za ta aika wa injin da ke zana irinsa a takarda, wanda ba mu ma da shi, amma ta zuba a faifai. Na kai wa manhajar, sai ta karɓa! Ga layina da tsininsa duka, a tsakiyar rubutu. Har rawa na taka ni kaɗai.

Oga ya yi ta juya shafukan yana murmushi, ya kira direba da masinja su zo su gani. Na bari ya gama, na ce, "Yallaɓai, batun tahiyata fa?"

Ya ɗago kai da mamaki. "Tahiya ina? Duk ohishin ga wa ya iya wanga abu in ba kai ba? Ga rahoton damina nan tahe."

Na koma kujerata.

Rarrafen ɗana da tatatarsa duk a labari na ji su. Da na sami hutu na je, na miƙa masa hannu daga bakin zaure. Ya gudu bayan Inna ya riƙe zanenta, yana leƙen baƙo.