Ranar da Na Sace Malam a Kan Kekensa

Jiya a teburin mai shayi a Aboabo aka nuna mini a waya wani shugaban Turawa yana zuwa ofis a keke, kowa na mamaki. Ni kuwa sai marigayi Malam ya faɗo mini a rai.

Duk Tamale an san muryarsa a tafsiri. An sha ba shi mota ya ƙi, sai baƙin kekensa mai ƙamshin turare. Amma ba ya amsa gaisuwa daga kan sirdi, ko wa ya durƙusa sai ya sauka. Shi ya sa tura keken ya fi hawansa yawa.

Ranar ɗaurin aurena shi ne waliyyina. Dangin amarya a Sakasaka dama ba sa son mai facin taya irina, wanda ko izu ɗaya bai haɗa ba. Suka ce in azahar ta wuce, an fasa. Rana ta take, muna bakin kasuwa, Malam na tambayar mai koko lafiyar awakinta.

Na karɓi keken na ce, "Malam, hau baya ka huta." Yana zama na taka da ƙarfi. Mutane na durƙusawa, shi kuwa ya dafe rawani yana ihu: "Ku yi haƙuri, jama'a! Ja'irin nan ne ya sace ni!"

Aka ɗaura. Washegari ya tasa ni gaba, ango guda, muka bi hanyar a ƙafa muna mayar da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya.

Matar tawa, Hajiya, tana nan, Malam, kullum cewa take da ka ƙi hawa da ta huta. Allah Ya haskaka kabarinka.