Mayen Ƙarfe a Kwallar Inna

Yayana bai bar hoto ba. Mutum ne da ko a gidan biki aka ce a tsaya a ɗauka, sai ya zame ya ce zai duba taya. Abin da ya bar mana kaset ɗaya ne.

Direban motar albasa ne. A Aliero yake lodi ya nausa Kurmi, wani lokaci sai wata ya mutu bai waiwayo gida ba. A zamanin babu waya a hannun kowa, Inna kuwa ba ta karatu, kuma ta tsani jin saƙon ɗanta a bakin wani. Sai ya bi abin da direbobi ke yi: ya zauna a gaban mota da rikoda ya yi magana, ya ba wanda zai riga shi dawowa. Kaset ɗaya suke ta juyawa shi da ita. In ta saurara ta ƙoshi, sai ta ɗora amsarta a kai a mayar masa. Zuwan ƙarshe, kaset ya iso garinmu Kashin Zama lafiya, mai shi ne bai iso ba. Motar ta kife da shi a hanyar dawowa, can aka yi masa sutura, ko gawarsa Inna ba ta gani ba.

Babu wata magana mai nauyi a ciki. Gaisuwa ce, gida gida, har da maƙwabcin da ba sa ga-maciji. Ya ce kada a yi gaggawar sayar da albasar bana. Ya yi tari, ya zagi wani da ke ta danna ham a bayansa, ya ba Inna haƙuri a kan zagin. Ya tsokane ni, wai ɗan boko da ko buhu ba ya iya ɗagawa, sannan ya yi dariya. Shi ke nan. Amma duk Juma'a bayan la'asar Inna takan buɗe kwallarta, wadda take ajiye abin da ta fi ji da shi, ta kwance ƙyalle, ta sa kaset ɗin ta zauna.

Ni a lokacin ina buga takardu a wani ofis a Jega. Bayan an ba mu jiha ne aka kawo mana kwamfuta, muka riƙa lulluɓe ta da zane kamar jaririya. Wata rana abokin aikina ya ɗora rediyonsa a kanta don jin labarai, sai gefen fuskarta ya rine ya koma shuɗi da ja, faifan da ke ƙarƙashin rediyon kuma ya ƙi buɗuwa. Mutumin da ya zo gyara daga Birnin Kebbi ya yi mana tas. Ya ce a cikin kowace lasifika akwai mayen ƙarfe, kuma faifan kwamfuta da zaren kaset duk da irin ƙarfinsa ake rubutu a kansu, don haka in babba ya matso kusa sai ya share. Na ji, na riƙe, a matsayin maganar ofis. Ban taɓa zaton za ta bi ni har ɗakin uwata ba.

Inna na fama da ciwon gwiwa. Goggona, ƙanwar mahaifinmu da ke aure a Karaye, ta ci kasuwar Maiyama ta tarar da wani mai tallan magani yana sayar da mayen ƙarfe da aka ciro daga tsofaffin lasifiku, baƙaƙe, zagayayyu, kowanne ya kai faɗin tafin hannu. Wai in an ɗaura a gaɓa yana janye sanyin ƙashi kamar yadda yake janye allura. Wallahi har yau in na tuna mutumin nan sai raina ya ɓaci. Me ya haɗa ciwo da allura? Amma Goggo ta ga ƙusa ta yi tsalle ta manne da idonta, wa zai gaya mata? Ta saya, ta biya kuɗin mota, ta kawo wa matar wanta don zumunci.

Inna ta riƙa ɗaura shi da tsumma in za ta kwanta. Gwiwar dai ba ta fasa ciwo ba, sai dai ta ce akwai sauƙi don kada ta kunyata Goggo. Da safe kuma, gudun kada yaran gida su ɗauke shi su tafi jan ƙusoshi a shara, sai ta ɓoye shi a inda babu mai taɓawa. Ta naɗe shi a ƙyalle ɗaya da kaset ɗin.

Ba lokaci ɗaya muryar ta tafi ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Da fari in zaren ya juyo sai ta nutse ta taso, ta nutse ta taso. Inna ta ce batir ne, na sayo sabo. Ta ce rikodar ce, na kai aka wanke ta. Daga baya ta fara zargin kunnenta, har ta sa aka ɗiga mata man zaitun. Duk zuwana gida sai na tarar an rasa wani abu: yau babu gaisuwar maƙwabci, wani zuwan babu maganar albasa. Ita kuwa kullum ta gama sai ta ƙara ƙulle ƙyallen da kyau, wai kada iska ta shiga ta ƙarasa shi.

Ranar da na ce ta ba ni kaset ɗin in gwada a rikodar wani, ta miƙo mini ƙunshin gaba ɗaya. Nauyinsa na fara ji. Da na kwance, sai ga kaset manne da baƙin abin nan ta wajen ƙusoshinsa, sai da na ɓanɓare shi. Na rasa wanda zan zaga.

Na kai wa mai gyaran rediyo a Jega, na roƙe shi. Ya saurara daga farko har ƙarshe, ba a jin komai sai shuuu, da guntun tari a tsakiya. Ya ce zaren da ya tsinke ana liƙawa, amma wanda aka share babu inda za a je a ɗebo shi.

Sai da na gaya mata, don ta fara cewa kurma take zama. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ambaci Goggo ba. Ta dubi gwiwarta ta daɗe, sannan ta ce: "Kai ka san abin da ya ce duka. Muryarku ɗaya da shi. Ka maida mini."

Muryarmu ba ɗaya ba ce, amma da wane baki zan ƙi? Na sayi sabon kaset, na rufe kaina a ɗaki, na yi gaisuwar gida gida, na yi tarin, har kaina na tsokana da batun buhu. Dariyar ce ta gagare ni. Ta karɓa ta yi godiya, ta riƙa sawa duk Juma'a, ni kuma in fice daga gidan don ba na iya ji.

An yi shekaru a haka. A ciwonta na ƙarshe ina zaune gefen tabarmarta ina yi mata fifita, sai ta riƙe hannuna ta ce in bar fifitar. Ta ce tun safe take ƙoƙarin tuno yayana.

"Maganar duk tana nan," in ji ta. "Amma in na kira shi a raina, kai ke amsawa. Ɗan nan, yaya muryarshi take?"

Na buɗe baki in gaya mata, sai na tarar ni ma ban sani ba.