Jar Mota a Gindin Rumbu

Shekarar da ƙanena ya kawo motar nan gidanmu, Allah ya yi mana damina mai albarka. Mun cika babban rumbu da hatsi har sai da muka hau muka danna dammai da ƙafa kafin a ɗora masa hula. Garinmu ƙarami ne, yana cikin yashi tsakanin Dungas da Magarya, kuma a wurinmu abin da ke cikin rumbu shi ne shekarar gida gaba ɗaya. Ni ne ɗan fari, tun rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, riƙon gida ya dawo hannuna. Akwai Inna, akwai mai ɗakina da ƴaƴanmu, sai kuma shi ƙanen nawa, autan Inna, wanda ya yi shekaru yana aikin ƙarfi a Aljeriya.

Da ya dawo bai sayi san noma ba, bai sayi gona ba. Kano ya wuce, ya komo da mota mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin ta masu tsere, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. A kan kwalta, in ji shi, babu mai ganin ƙeyarta. Amma daga inda kwalta ta ƙare zuwa garinmu shanun amalanke ne suka jawo ta, yana zaune a ciki yana juya sitiyari, mutane na biye suna dariya. Wani maƙwabcinmu dattijo ya leƙa ta taga ya tambaye shi ko shanun ma a cikin kuɗin motar suke.

Ƙanena ya ce rana za ta lalata masa ita, yara kuma za su karce ta. Saboda haka ya ɓalle gefen danga ya shigo da ita ƙarƙashin rumfar da ke jingine da rumbu. A saman rumfar nan muke jibge harawar wake ta awaki, kamar yadda kowa ke yi. Tsakanin hancin motar da zanan rumbu, mutum sai ya karkata kafaɗa yake wucewa.

Daga nan ya fara aikin da ya cinye masa kaka da farkon rani. Ba ya kai ta wurin kowa. Sai ya jingina salularsa a kan dutse, ya kalli yadda samarin wasu ƙasashe ke yi wa motocinsu ado, ya tsayar da hoton, ya kwaikwaya. Da ta zo launinta kamar toka yake, shi ya goge ta ya fesa mata jan fenti. Ya yanko kwano ya lanƙwasa ya kafa mata a baya kamar fiffike. Ya liƙa baƙar leda a tagogi. Sannan ya koma kan wuta: ya jera ƙananan fitilu shuɗɗa a ƙarƙashinta, ya cusa akwatin sauti a bayan kujeru, ya sa mata oda mai kuka kala-kala, ya ƙara da ƙararrawar da za ta yi ihu in ɓarawo ya taɓa. Wayoyin duka a kasuwar Magarya yake sayo su a awo. Ya feƙe bakinsu da haƙori, ya murɗe biyu wuri ɗaya, ya naɗe da tsinken robar taya. Ban san aikin wuta ba, amma ina ganin hannunsa yana da kyau, kuma ina jin daɗin ganinsa a gida maimakon hamada.

Abin da ya dame shi shi ne wayoyin sun yi yawa, suna reto a gaban kujera kamar saiwar gamji. Sai ya yi shawarar rufe su da jar fata, irin wadda dukawa ke yi wa kube da matashi. Ya sayo fatun awaki jemammu, ya yanka su daidai da gaban motar da ƙofofinta, baduku kuma ya koya masa yadda ake dama ƙullun liƙi da garin tsaba. Ya shafe bayan fatun da shi, ya manne su a kan wayoyin. Gaskiya ta yi kyau. Har daga Bande wasu samari suka zo a kan babur don su gani.

Ranar da ya kira ni in shiga in zauna, ƙamshin ne ya fara tarbe ni, kuma na san shi. Da irin ƙullun nan ake liƙe bangon littattafanmu. Na yi shekaru ina kwafar littattafan ajami, na kuma ga abin da ɓera ke yi wa bango in ya shinshino shi: yakan bi ƙullun yana ci, ya haɗa da fata, ya haɗa da takarda, bai san bambanci ba. Shi ya sa muke rataye gafaka a tsakiyar ɗaki nesa da garu. Na gaya masa haka, na kuma nuna masa rumbu da ke gabanmu, inda ɓerayen gari duka ke kwana.

Ya yi dariya ya ce, "Yaya Malam, wannan fa ba littafi ba ce. Ƙarfe ce. Ta ina ɓera zai shiga?"

Ban san ta ina ba.

Ba a daɗe ba, wata rana da tsakar rana muna cin abinci, odar motar ta yi kuka sau ɗaya ta tsaya. Ƙanena yana zaune tare da mu, makulli na aljihunsa. Muka dubi juna. Ya tashi ya zagaya ta, ya dawo ya ce wataƙila kaza ce ta hau. Bayan wannan, mai ɗakina ta ce ta ga fitilun ƙasa suna ƙyaftawa da magariba babu kowa a ciki. Sai magana ta bazu a gari cewa motar ta zo da mutanen ɓoye, wai wanda ya fara mallakarta a cikinta ya mutu.

Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma fuskantata da magana, saboda kunyar ɗan fari. In tana son in yi abu sai ta faɗa wa mai ɗakina da ƙarfi yadda zan ji, ko ta faɗa wa turmi. A ranar ta ce wa turmi, gida da malami a ciki amma an bar abin yaro babu ko tofi. Na yi alwala na je na karanta abin da ya sawwaƙa, na tofa a kusurwoyinta, don addu'a ba ta ɓaci. Da na sunkuya wajen ƙofar direba na ga kashin ɓera a kan jar fatar, baƙi-baƙi kamar ƙwayar riɗi, gefen fatar kuma ya ɗago an gaigaye shi. Ta ƙarƙashi jan ƙarfen waya yana ƙyalli, babu riga.

Na nuna masa. Ya naɗe wurin da roba, ya sake manne fatar da sabon ƙullu, ya zuba maganin ɓera a ƙarƙashin kujera. Ɓera ɗaya ya mutu a wani lungu da hannu ba ya kaiwa, motar ta yi kwanaki tana wari.

Akwai wani ɗan abu mai kamar haƙori da suke kira fizibil. Shi da kansa ya yi mini bayaninsa: in wuta ta yi yawa a waya, shi yake fara ƙonewa, sai wutar ta yanke. Nasa sun yi ta ƙonewa, yau na fitilu, gobe na sauti. Da ya gaji da hawa kabu-kabu zuwa Magarya saboda abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, sai ya tsinko zaren waya mai kauri ya cusa a gurbinsu. Ya ce na yanzu ne ba su da ƙarko. Tun daga ranar babu abin da ya sake mutuwa a motar, shi kuma ya ɗauka ya gama da matsalar. A bayanta kuma kullum akwai bido, wato jarka, cike da esansi, man fetur, irin wanda ake sayarwa a bakin hanya, don babu gidan mai kusa da mu.

Na roƙe shi ya riƙa cire kan batir in ya ajiye ta. Ya yi hakan na ɗan lokaci, sannan ya daina, wai in an cire ƙararrawar ɓarayi ba ta aiki. Na ce to ya fitar da ita fili, can bayan gida inda babu kara. Ya ce in haka ne gara ya koma inda ya fito, tunda gidan ubansa ba shi da wurin ajiye abu ɗaya. Inna ta ji wannan. Ta ce wa mai ɗakina, yaro ya dawo da ransa daga inda ƴaƴan mutane ke ɓacewa, yanzu kuma ana son a kore shi saboda ɓera.

Daga nan ban ƙara yin maganar motar ba. Na koma tunanin hatsin.

A wurinmu ba a buɗe babban rumbu da rani. Ana cin na ƙananan rumbuna da abin da aka samu, shi kuwa sai damina ta kama, lokacin da ake noma ciki babu komai. Wanda aka ga ya cire hular babban rumbunsa tun ba a yi shuka ba, kowa ya san gidansa ya karye. Na san haka sarai. Duk da haka wata safiya na ari amalanke, na jingina tsani, na cire hular, na fara miƙo dammai ana kai su wani tsohon rumbun baffanmu da ke bakin gona. Kafin hantsi mutane sun fara wucewa ta ƙofar gida suna gaisuwa mai tsawo, idonsu na kan amalanke. Wata tsohuwa ta aiko wa Inna da ƙwaryar gari, wai a yi wa yara kunu.

Wannan ƙwarya ita ta fito da Inna. Ina saman tsani na ga ta taho har gindin rumbu, ta ɗaga kai ta dube ni, abin da ban taɓa gani ba tunda na yi wayo.

Ta ce, "Sauko. Mayar masa da hularsa. Ban mutu ba tukuna da za a kawo mini sadaka a gidan ubanku."

Na ce, "Inna, wuta nake tsoro."

Ta ce, "Wuta ta Allah ce. Sauko."

Na sauko. Abin da na fitar bai kai rabi ba. A ƙasan rumbun akwai hatsin gayaunar Inna da kuma zangarniyar da muka zaɓa don iri. Na mayar da hular na ɗaure.

Kwanakin da suka biyo baya na dawo da buzuna da tawadata ƙarƙashin bishiyar bedin da ke kallon rumfar. Ina rubutu ina ɗaga kai. Wani lokaci in ji kamar ƙaurin roba, in tashi in zagaya, in tarar babu komai. Na cika tulu biyu na ajiye a gefen danga, awaki suka yi ta sha. Idan gari ya yi tsit ana jin ƙaramin motsi a cikin motar, kamar ana ɓare gyaɗa.

Ranar kasuwar Dungas ce, maza duk sun tafi, har da ƙanena, a kan kabu-kabu, don motarsa ba ta iya yashin hanyar. Na idar da azahar ke nan odar ta fara kuka. Wannan karon ba ta tsaya ba. Ta yi ta yi, sannan muryarta ta sirance kamar ta ɗan akuya, ta mutu. Baƙar ledar tagogi ta hana ni ganin ciki, sai da na taɓa ƙofa na ji ta kamar tanda. A kulle take, makulli yana Dungas. Na ɗauki taɓarya na fasa taga, kuma iskar da ta shiga ita wutar ke jira. Ta fito ta lashi harawar da ke sama.

Na juye tulunan, mata suka fito da ƙorai suna watsa yashi. Na tuna bidon da ke baya, na ce kowa ya ja da baya, na riƙo hannun Inna na janye ta. Da ya fashe, hular rumbu ta kama gaba ɗaya. Babu abin da ya rage sai salati. Allah ya taƙaita, iska ta kaɗa gabas inda babu ɗakuna, kuma ba a rasa rai ba.

Kara yakan ci ya mutu nan da nan, amma hatsi a hankali yake ci. Tulin ya yi kwanaki yana hayaƙi daga ciki, gari duka yana ƙaurin tumu da ya ƙone. Ƙanena ya iso da la'asar da sabuwar fitila a leda, wadda ya sayo zai ƙara mata. Ya tsaya a bakin danga bai shigo ba. Ba motar yake kallo ba, Inna yake kallo, tana durƙushe a gefen tokar da faifai tana tsince ƙwayoyin da ba su yi baƙi ba.

Abin da ke rumbun baffa ya kai mu har noman farko, daga nan muka shiga cin abin da ƴan'uwa suka taimaka da shi. Iri kuwa a wurin maƙwabta muka samo, ba irin mahaifinmu ba, kuma har yau zangarniyar gonarmu ba ta koma tsawonta na da ba. Ƙanena ya yi wannan damina a gona tun daga shuka har girbi, da aka ɗaure dammai ya sake hawa motar haya zuwa Aljeriya. Furar da Inna ta yi ta dama mana da hatsin da ta tsince tana ɗaci da hayaƙi, ita kuma takan sha tata ba ta ɓata fuska.

Gawar motar tana nan inda take, don babu shanun da za su ja ta babu taya. Kaji na yin ƙwai a inda kujeru suke. Sabon rumbu can na kafa shi a ɗaya gefen gidan. Ko yanzu, in ina zaune da tsakar rana wani mai kabu-kabu ya danna oda a hanya, sai na ga na ajiye alƙalami na waiwaya wajen rumbun.