Bulon Toka da Na Yi wa Ban Ruwa

Ni magini ne, ɗan magini. Tun da kakana ya taso daga arewa ya sauka a Zangon Lome, gidanmu ba mu san wata sana'a ba sai kwaɓa siminti da yashi mu buga bulo. Saboda haka ranar da 'yar ƙanwata ta dawo daga karatun injiniya a Gana, ta ce mini za ta yi bulo babu siminti ko cokali ɗaya, sai da na dube ta sama da ƙasa.

"Da me za ki yi shi? Da tuwo?"

"Da toka, Kawu."

Toka! Na ce to je ki madafar uwarki ki kwaso, ai tana nan jibge. Ta yi dariya ta ce ba irin wannan ba. Wai tokar kwal ce da ake tarewa a bakin hayaƙin manyan injinan wutar lantarki, ana shigo da ita buhu-buhu ta tashar jirgin ruwa. Wai kuma duk buhun simintin da nake fasawa, sai da aka turnuƙe sararin Allah da hayaƙi kafin a yi shi, ita kuwa tokar an riga an ƙone ta, zubarwa ake yi. Ni abin da na ji kawai shi ne shara ce. Wani mai wayo ya samu yarinya mai takarda ya sayar mata da shara.

Ban hana ta filina ba, don 'yata ce, a hannuna ta girma bayan rasuwar ubanta. Amma na sa ido. Tokar laushi gare ta kamar garin alkama, ba ta da nauyi a hannu. Sai ta kawo soda, irin wadda matan unguwa ke dafa sabulu da ita, da wani ruwa mai yauƙi a jarka. Ta sa safar roba har gwiwar hannu tana kwaɓawa da yashi. Na ce abin da mai shi ke tsoron taɓawa, shi za a gina wa Musulmi? Ta ce in ya bushe ba ya cin kowa. Ni dai ban yarda ba.

A lokacin katangar wurin alwala ta masallacinmu ta ruɓe. Iskar teku da ruwan alwala sun cinye ta daga ƙasa, kana taɓawa tana zuba. Yarinyar nan ta je ta durƙusa gaban Liman da dattawan kwamiti ta roƙi aikin, ta ce bulonta gishiri ba ya cin sa. Suka yi ta jan ƙafa, don ba su taɓa ba mace gini ba, balle da toka. Daga ƙarshe Liman ya ce ta buga, ranar Juma'a ta sama bayan an sauko za a gwada yadda muka saba: a ɗaga bulo daidai ƙirji a sake shi kan daɓe. In ya tsaya, aikin nata ne. Ta faɗa mini da bakinta cewa in Zango ya karɓa za ta zauna a gida ta kafa sana'arta, in bai karɓa ba akwai aikin da ke jiranta a Tema, can Gana. Uwarta kuwa ba ta da wata 'ya sai ita.

Ta buga bulo ɗari da wani abu, ta jera a filina, ta lulluɓe su da baƙar leda a tsakiyar rana. Sannan ta ce, "Kawu, don Allah kada ruwa ya taɓa su. Zafi suke so."

Nan fa raina ya ɓaci. Duk wanda ya taɓa riƙe shebur ya san sabon bulo ruwa yake sha, safe da yamma, kwana bakwai. Wanda bai sha ba, ranar Lome za ta ƙona shi ya zama garin kwaki. Ubana ya taɓa marina a kan na makara da ban ruwa. Yanzu yarinyar da na goya za ta ce mini a bar bulo da ƙishi, a kuma rufe shi da leda ya dahu? Na ce a raina, waɗanda suka rubuta littafinta ba su san ranarmu ba. Ko kuma mai tokar ne ya ce mata haka, don ya san kayansa ba sa jure ruwa, kada asirinsa ya tonu kafin ya yi nisa.

Kwana biyu ina juya abin. Ina hango ta tsaye gaban dattawa, bulo ya tarwatse, ana dariya. Wallahi ban iya jurewa ba. Da na dawo daga sallar asuba, kafin ta iso, sai na ɗaga ledar na jawo tiyo. Ban yi wa duka ba, lokaci ba zai isa ba. Layuka biyun gaba na zaɓa, don na san Liman, ba ya zagayawa baya, abin da ke gabansa yake nunawa. Na shayar da su sosai na mayar da leda. Haka na yi kwana biyar, ina jin daɗi a raina wai ina rufa wa 'yata asiri.

Ana gobe gwaji ta yaye ledar, sai ga wani fari-fari kamar kanwa ya fito a jikin na gaban. Ta tsuguna ta daɗe tana kankarewa da farce. Ta ce, "Kawu, an yi yayyafi ne?" Na ce ban gani ba. Ƙarya dai ban yi ba, amma gaskiyar ma ban faɗa ba. A zuciyata cewa nake, ga shi nan, mugun abin da ke cikin tokar ne ruwana ya fitar.

Ranar Juma'a dattawa suka zo filin da manyan riguna, jama'a na biye. Liman ya nuna na gaba da sandarsa, kamar yadda na zata. Ladan ya ɗaga ya saki. Bulon ya watse, ko rabi bai rage ba. Aka ɗauki na biyu, haka. Na uku tun a hannu gefensa ya ɓantare. Wani dattijo ya ce, "To, toka dai ta koma toka." Aka kwashe da dariya. Yarinyar nan ba ta yi kuka ba, sai juya gutsuren take a hannu tana cewa, "Ban gane ba. Wallahi ban gane ba."

Ni a nan na gane. Na zagaya baya na ciro ɗaya daga waɗanda ban taɓa ba, na ɗaga har sama da kaina na maka shi da ƙasa. Ya yi ƙara kamar an buga tukunyar ƙarfe, ya mirgina, ko tsagewa bai yi ba. Na sake makawa, bai fashe ba. Sannan na ce, "Malam, ni ne. Ni na ba su ruwa, bayan ta hana ni."

Na ɗauka shi ke nan magana ta gyaru. Ina! Dattawa suka koma gefe suka yi shawara, suka dawo da abin da ni kaina zan faɗa da ina cikinsu: bulon da ruwa ya kashe, ta yaya za a kai shi wurin alwala? Ta yi bayani cewa kwanakin farko ne kawai, in ya kama ya kama. Na rantse musu. Amma idonsu ya riga ya ga uku sun watse. Liman ya ce a yi da siminti kamar kullum, kuma ni suka ba aikin. Ban taɓa gina katangar da na tsana kamarta ba.

Yarinyar ba ta ɗaga mini murya ba. Ranar da za ta tafi ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, jakarta na kan zemijan, babur ɗin haya, a ƙofar gida. Abin da ta ce kawai, "Kawu, da ka tambaye ni." Uwarta ta yi wata biyu ba ta shigo gidana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Sauran bulon na bayan na jera su dakali a ƙofar gidana. Damina nawa ta wuce a kansu, ruwa ya kwanta a lungunmu har ya rufe su, suna nan yadda suke. Katangar alwala kuwa ta fara zuba daga ƙasa, ni nake zuwa ina shafe ta. Dattawan nan in sun zo hira a kan dakalin suke zama, wani har ya ƙwanƙwasa da sanda ya ce, "Kai, wannan bulo da ƙarfi yake, ina mai shi?" Sai in ce tana Tema.